MU DUBI HALITTA: Gandun Kifi A Cikin Teku

Yawancin masu karanta wannan fili ba su taɓa ganin teku da idonsu ba, amma da wuya a sami gidan da bai ci abin da ya fito daga cikinsa ba. Kifin ƙanƙara da uwargida ta kan sayo a kasuwa, titus ko shawa, ba daga Binuwai ya ke zuwa ba, ba kuwa daga Tafkin Chadi ba. Daga teku a ke kamo shi. Saboda haka in teku ya tsiyace, tukunyarmu ma za ta ji a jikinta.

Da, mutane suna tsammani kifin teku ba ya ƙarewa. Ashe ba haka ba ne. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na garkunan kifin da ta ke bin lissafinsu, ana kwasarsu fiye da yadda su ke iya hayayyafa. A gaɓar Kanada akwai wani kifi da a ke kira kod, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ci daga gare shi. Manyan jiragen su suka kwashe shi ƙaƙaf, har a 1992 gwamnati ta hana kamunsa, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi.

Ɗaya daga cikin magungunan da aka samo shi ne a keɓe wani yanki na teku, a ce nan ba taru, ba ƙugiya, ba mashi. Kamar dai gandun daji na Yankari ne, sai dai wannan a cikin ruwa ya ke. Abin da ya kan ba mutane mamaki shi ne, in an yi shi daidai, masunta ne su ke fara cin ribarsa. Bari in ba ku labarin tsibirai biyu na ƙasar Filifin, gama a can ne aka ga abin a fili.

Akwai wani malamin ilmin halittun ruwa mai suna Angel Alcala, a Jami'ar Silliman, makarantar da 'yan mishan na Amurka suka kafa a 1901. A zamaninsa masuntan wajen sun shiga wani mugun hali. Wasu su kan jefa nakiya cikin ruwa, kifi ya mutu ya taso, su kwashe. Wasu su kan yi ta dukan murjani da duwatsu don su koro kifi cikin taru. Murjanin nan kuwa, dangin wanda iyayenmu mata su ke ratayawa a wuya, waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne su ke gina shi a hankali, shekara da shekaru, har ya zama kamar birni a ƙarƙashin ruwa. Nan kifi ya ke kwana, nan ya ke kiwo. Wanda ya farfasa shi ya ci yau, ya rushe rumbun gobe.

A 1974 Malam Alcala ya shirya da hukumar wurin aka keɓe kamar rubu'in murjanin wani ƙaramin tsibiri, Sumilon, aka hana su a ciki. Shekara goma ana tsaronsa, kifi ya yi yawa, masunta suna kamu a sauran kashi ukun. Amma jami'a ce mai gandun, mutanen gari ba su ɗauke shi nasu ba. Da siyasar wurin ta sāke, a 1984 aka afka masa. Ku dubi abin da ya biyo baya. Alcala da abokin aikinsa Garry Russ, Bature daga Ostareliya, suna auna abin da masunta ke kamawa. Sa'ad da aka buɗe tsibirin duka, wurin su ya ƙaru, amma kifin da a ke samu a shekara ya ragu da kamar rabi. Kashi uku tare da gandu sun fi kashi huɗu ba gandu albarka.

Tsibiri na biyu sunansa Apo, bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. A nan Alcala da mutanensa ba su zo da doka a hannu ba. Sun yi shekaru suna zama da masunta suna tattaunawa, har suka kai waɗansunsu Sumilon tun yana da tsaro, suka ga kifi da idonsu. A 1982 waɗansu gidaje kaɗan suka yarda suka keɓe bakin gaɓa mai tsawon mita 450, watau kamar ushirin murjanin tsibirin. Ba a ɗauko ɗan sanda daga birni ba. Su da kansu su ke zama a bakin ruwa bi da bi suna gadi. Da sauran suka ga kifi yana ƙaruwa, a 1985 gari duka ya shiga, aka mai da abin doka, aka kuma hana nakiya a kewayen tsibirin baki ɗaya. Bayan waɗansu shekaru masuntan Apo suka daina tuƙa kwalekwale zuwa nesa, domin abin da su ke nema yana kusa da gida. Baƙi kuma suka fara zuwa kallon kifi da kunkurun teku, suna biyan kuɗi.

Me ya sa haka? Dalili na fari, kifi bai san iyaka ba. In ya cika gandu sai ya malalo waje, ya faɗa tarun mai jira. Na biyu ya fi wannan nauyi. A inda a ke su kullum, kifi ba ya samun tsufa, gama babba a ke fara kamawa. Alhali kuwa uwar kifi da ta ninka wata nauyi sau biyu, ƙwan da ta ke zubawa ya kan fi ninki biyu. A cikin gandu ne kaɗai irin waɗannan iyaye su ke rayuwa, igiyar ruwa kuma ta kwashi ƙwai da 'ya'yansu ta kai wurare masu nisa. Manomi ya san wannan. Ko yunwa ta yi tsanani, ba a taɓa damin iri.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai ji abin baƙo ba. A Littafin Firistoci sura 25 an umarci Isra'ilawa su bar gona ta huta a kowace shekara ta bakwai. A Kubawar Shari'a sura 22 kuma an hana wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Ko a ƙasarmu, kogin Matan Fada na Argungu, hana su da a ke yi a wurin sauran watannin shekara shi ya sa a ke fid da manyan giwan ruwa ranar biki.

To, amma ba kowane wuri da aka zana a taswira aka kira shi gandu ya ke aiki ba. A 2014 Graham Edgar na Jami'ar Tasmaniya da abokansa suka buga sakamakon binciken gandaye 87 a faɗin duniya. Suka ga abu biyar ne su ke sa gandu ya yi kyau: a hana kamu sam sam, a yi tsaro na gaske, ya wuce shekara 10, ya fi murabba'in kilomita 100, ya kuma kasance zurfin ruwa ko rairayi ya raba shi da wuraren su. Fiye da rabin gandayen nan abu ɗaya ko biyu kaɗai su ke da shi, ba su kuwa da wani bambanci da inda a ke su kowace rana. A ganina, cikin biyar ɗin nan tsaro da haƙuri su ne gaba. Apo ƙarami ne ƙwarai, amma ya yi amfani domin masu shi suna zaune a bakinsa. Haƙurin kuwa ba na banza ba ne. Shekarun fari masunci ya rasa wurin da ya saba, ribar ba ta zo ba tukuna, yara kuma ba su san jira ba. Wanda ya shirya gandu bai yi tunanin abincin gidan masunci a shekarun nan ba, da dare za a shiga masa.

Ƙanƙanta ma tana da nata hatsari. A Disamba na 2011 da na 2012 manyan guguwa biyu suka bugi Apo ta gefen da gandun ya ke, suka ragargaza murjaninsa, ɗaya gefen kuwa ya tsira. Don haka masana su kan ce kada a tara kome wuri guda. A yi gandaye da dama, a jera su yadda igiyar ruwa za ta kai 'ya'yan kifi daga wannan zuwa wancan, a kuma haɗa kowane irin mazauni: murjani, da ciyawar ruwa, da kurmin bakin teku inda ƙananan kifi ke girma. Haka Ostareliya ta yi a 2004 da babban murjaninta na gabas, ta ƙara wuraren da aka hana su daga ƙasa da kashi 5 zuwa kashi 33 cikin ɗari, a warwatse daga arewa har kudu.

A Disamba 2022 ƙasashen duniya suka taru a Montreal ta Kanada, suka yi alkawarin kāre kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030. A lokacin, abin da a ke kira kārarre wajen kashi 8 ne, wanda aka hana su a cikinsa da gaske kuwa bai kai kashi 3 ba. Malam Alcala ya rasu watanni biyu bayan taron, a Fabrairu 2023, yana da shekara 93.