Robar da ke narkewa a jiki tana sakin magani: Riba da haɗarin da ke tattare da ita

A watan Satumban 2024 ƙasashen duniya suka yi alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa nan da 2030 za su rage mace-macen da ke da alaƙa da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna da kashi 10 cikin 100. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna matsalar ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Wata dabara da ake gwadawa ita ce kai maganin daidai inda cutar take, maimakon watsa shi a duk jiki.

Idan ƙashi ya ruɓe bayan mummunar karaya, jini ba ya isa wurin sosai, don haka allura da ƙwayoyi ba sa kai masa yadda ya kamata. Tun shekarun 1970 likitoci a Jamus suka fara cusa ƙananan ƙwallayen roba masu ɗauke da gentamicin cikin irin wannan rauni. Sai dai ba sa narkewa, galibi sai an sake tiyata an cire su.

Roba mai narkewa, irin PLGA da ake yin zaren ɗinkin tiyata da ita, ta kawar da wannan wahala. Ruwan jiki ne ke cin ta sannu a hankali, maganin yana fita, ragowar kuma jiki ya sarrafa ta.

Akwai shaidar amfaninta. Jakar TYRX da ake naɗe na'urar daidaita bugun zuciya a ciki tana sakin minocycline da rifampin, ta narke cikin kimanin mako tara. Gwajin da aka wallafa a 2019 kan marasa lafiya kusan 7,000 ya nuna ta rage munanan cututtuka da kashi 40 cikin 100.

Haɗarin yana ƙarshen aikin. Maganin kan fita da yawa a kwanakin farko, sannan ya koma ɗigo-ɗigo. Wannan ɗan ragowar ba ya kashe ƙwayoyin cutar, sai ma ya ba masu taurin kai damar yaɗuwa.

Ga Najeriya, inda haɗurran mota da cutar sikila ke haddasa ciwon ƙashi, kauce wa tiyata ta biyu babban sauƙi ne ga aljihun majinyaci. Amma in ba a fara gwaji an gano ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta ba, dasa robar zai iya ƙara rura wutar da ake son kashewa.