Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga

A yau ayyukan ƙasa da yawa sun koma cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. A Maraɗi, lissafin bankuna da takardun kuɗin wuta da na ruwa sun dogara ga manyan na'urori masu riƙe da bayanai, waɗanda ake ce ma saba. Suna aiki dare da rana.

Kowace saba tana da tsarin da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux. Tsarin nan ba ya rasa tsaga. In aka gano ta, masu shi su kan fitar da gyara, wato faci. Kamfanin Microsoft yana fitar da nashi ranar Talata ta biyu ta kowane wata. To amma ranar da faci ya fito, ɓarayi ma sun san inda tsagar take.

Mu ɗauki darasi ga abin da ya samu wasu. Ranar 14 ga watan Maris 2017, Microsoft ya fitar da wani faci, ma'aikatu da yawa suka yi sakaci da shi. Ranar 12 ga watan Mayu, cutar na'ura mai suna WannaCry ta bi ta wannan tsagar ta kulle na'urori sama da dubu 200 cikin ƙasashe 150. Asibitocin Ingila suka maida marasa lafiya gida.

Wani ma'aikaci zai ce ba a iya tsaida saba, tun da jama'a suna jira. Manoman fadamar Jiratawa sun san amsar: ana neman lokacin gyaran famfo da hanyar ruwa tun shuka ba ta ji ƙishi ba.

Duk da haka, gaggawa ma tana da tata ɓarna. Ranar 19 ga watan Yuli 2024, wani gyara mai kuskure na kamfanin CrowdStrike ya tsaida na'urori wajen miliyan 8 da rabi a duniya.

Saboda haka, aikin yana son tsari. A fara gwada faci bisa na'urar gwaji. A kwafe bayanai a aje su wani wuri dabam. A zaɓi dare ko ranar hutu, a sanar da jama'a, a kuma tanadi batir ko injin wuta, don yankewar wuta cikin tsakiyar aiki tana iya lalata tsarin. In abu ya ƙi, a koma yadda ake da.

Muna kira ga shuwagabannin ma'aikatu, daga birnin Maraɗi har ma'aikatun magajin gari na Tsibiri da Jiratawa: duk inda takardar haihuwa ko ta haraji ta shiga na'ura, a sa mutum guda ya ɗauki nauyin faci, da littafin da zai rinƙa rubuta ranar kowane gyara. Takardun nan amanar talakawa ce.