Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alƙalan Gasar Hotuna



Ina roƙonku, duk wanda ya kawo hoton tsohon rumbu ko zauren ƙauye, ku nemi ainihin wanda kyamara ta ɗauka kafin a taɓa shi da Photoshop. Gyara haske ba laifi ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne a shafe tsagar bango, a mayar da zankon da ruwa ya cinye, a ƙara wa makuba jan da ba nata ba. Tsagar nan ce fa ke nuna wa magini inda za a sake yaɓe. Gine-ginen tubali na rushewa kowace damina, wasu hotonsu kaɗai zai rage. Ku ware wa kwalliyar kwamfuta rukuninta daban.

Naku,
Mai ƙaunar ginin ƙasa