Zafin Kaele ba hujja ba ne na ɗura wa motar turbo mai mai kauri

Da bazarar bara na kai motata juye a wani gareji a nan Kaele. Kafin in buɗe baki yaron makanike ya ɗauko galan ɗin 20W-50. Na ce ya dakata. Maigidansa ya yi dariya ya ce, "Alhaji, zafin garin nan sai mai kauri, wannan mai kamar ruwa na Turawa ne." Ban ga laifinsa ba. A kan tsofaffin Peugeot 504 da Hilux ya koyi sana'a, kuma a kansu maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Sai dai motocin da ke shigo mana yanzu ta Duwala, masu TSI ko EcoBoost ko PureTech, wani abu ne daban.

Injinsu ƙarami ne, yana da turbo, kuma ana fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Irin wannan inji yana da wata cuta da ake kira LSPI: ka taho a babban giya, inji na juyawa a hankali, ka danna totur don wuce tirelar auduga a hanyar Garwa, sai fetur ya kama wuta kafin filogi ya kunna shi. Bugu ɗaya na iya fasa fistin. An gano cewa baƙin mai da aka cika wa sinadarin kalsiyam yana ƙara haddasa wannan, shi ya sa aka fito da ma'aunin API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Haruffan nan da ke bayan galan sun fi sunan kamfani muhimmanci, amma mu kalar roba muke dubawa.

Batun zafi kuwa, ko da rana ta haura digiri 40 a watan Afrilu, inji mai lafiya a kusan digiri 90 yake aiki, a Kaele ko a Beljiyam. Lambar da ke bayan W ma a digiri 100 ake auna ta. Turbo kuma yana juyawa fiye da sau dubu 100 a minti ɗaya, ta siraran hanyoyi mai ke isa gare shi, mai kauri yakan makara da safe. Idan littafin mota ya ce 5W-30, to 5W-30 ɗin, tare da lambar da masu ƙera motar suka rubuta.

Inda nake saɓa wa littafin shi ne tazarar juye. Kilomita dubu 15 ko fiye da ake yi a Turai ba da ƙurar hunturunmu aka lissafa ba, balle zuwa-zuwa na bakin titi da ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki. Ga shi a irin injin nan fetur kan sulale ya tsinka mai. Ni dai ba na wuce dubu 6, kuma tare da matatar mai nake canzawa.

Na san akwai tsada, kuma sau da yawa sai an aika Marwa ko Garwa kafin a samu na gaske. Man da ake aunawa da lita daga buɗaɗɗiyar ganga, wallahi ko kyauta ba na so. Ranar dai haka na bar motar a garejin, na kira ƙanena a Marwa ya sako min galan mai hatimi a motar haya, washegari aka yi juyen ina tsaye.