Kafin Ka Sayi Rediyon Mota Mai Cin Faifai

Yau zancenmu a kan rediyon mota ne, irin mai cin faifan CD. Wani zai ce ai zamanin faifai ya wuce, kowa ya koma kan waya. Haka ne, amma gidaje da yawa a nan Ƙofar Sauri da sauran unguwannin Katsina suna da faifai cike da kwali: waƙoƙin Zumuntar Mata, na bikin aure, da na koya wa yara karatu. Galibinmu kuwa tsohuwar mota muke hawa. Ran da rediyonta ya mutu sai mai gida ya nufi kasuwa, kuma kuɗin da zai kashe daga bakin cefane ya tsakuro su. Saboda haka ya kamata ya san abin da zai saya.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da faifan CD a 1982, sa'an nan a 1984 kamfanin Pioneer ya yi na'urar da ake sawa a mota. Faɗin faifan santimita 12 ne, yana ɗaukar sauti na minti 74 zuwa 80. Ba shi da allura irin ta garmaho. Wani siririn haske ne yake fitowa ta cikin 'yar ƙwayar gilashi, wadda masu gyara suke kira ido, shi ne yake karanta faifan yayin da yake juyawa. To, wannan idon shi ne ran na'urar, shi ne kuma rauninta. Ƙurar hunturu tana shiga ta bakin da ake zura faifai ta kwanta a kansa. Zafin bazara kuma, sa'ad da gari ya kai digiri 40, gaban motar da aka kulle a rana yakan haura 60, har faifai ya lanƙwashe. Ga ramukan hanya da suke sa waƙa ta yi ta tsalle. Waɗanda suka ƙera abin nan ba su taɓa bin hanyar ƙauye a watan Janairu ba.

Don haka babbar shawarata ita ce, kada ka sayi wanda faifai kaɗai yake ci, kome arharsa. Nemi wanda yake da kafar USB a gaba, inda za ka soka filashi, in da hali kuma mai Bluetooth. Ran da ido ya mutu, kuma zai mutu, ba ka yi asarar rediyon duka ba. Masu ƙera motoci da yawa sun riga sun daina sa na'urar faifai a sababbin motocinsu. Ka kai faifanka wurin masu kwamfuta su juye maka su a filashi, ka adana na ainihi a ɗaki. Faifan bikin aurenku ba na ajiyewa a aljihun ƙofar mota ba ne.

Ranar saye ka tafi da faifanka guda biyu, ɗaya na kamfani, ɗaya wanda aka kwafa a kwamfuta, gama wasu tsofaffin na'urori ba sa karanta na kwafi. A haɗa da batir a gabanka a gwada. Duba ko an rubuta MP3 a jikinsa, domin faifai ɗaya na MP3 yana ɗaukar waƙoƙi fiye da 100, na gargajiya kuwa da ƙyar ya wuce 20. Yayin da yake waƙa, ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. In ya yi tsalle a kan teburin mai shago, me zai yi a hanyar Jibiya?

Auna ramin da ke gaban motarka kafin ka fita. Girma biyu ne aka saba: faɗi santimita 18 da tsayi 5, ko kuwa faɗi 18 da tsayi 10. Kada ka yarda a yanke maka robar gaban mota don a cusa abin da bai shiga ba.

Akwai wani tarko a kan na hannu, watau waɗanda aka ciro daga motocin waje. Rediyon da aka yi domin Japan, tsohon samfuri, FM ɗinsa daga 76 ne zuwa 90, mu kuwa tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108. Da irinsa ba za ka taɓa kama Companion FM ta Katsina a kan 104.5 ba. Wasu kuma na asalin mota suna neman lambar sirri da zarar an cire musu batir. In mai sayarwa ba shi da lambar, ka sayi ƙarfe ne kawai.

Batun ƙarfin sauti kuwa, kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta 50 sau 4 da manyan baƙaƙe. Wannan iyakar ihunsa ne na ƙiftawar ido. Ƙarfin da yake bayarwa a kullum bai cika wuce wat 20 ga kowace lasifika ba. Kuma ya isa. Motar iyali ba gidan rawa ba ce, dole direba ya ji ham ɗin na bayansa da kukan jariri a kujerar baya. Ni dai na fi son mai maɓallin murɗawa babba, wanda hannu zai lalubo ido yana kan hanya, da mai allo mai walƙiya da yake sa mutum ya sunkuya.

Saura ɗaurawa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Tsaya a kan mai wayar mota har ya gama. A yawancin rediyon kasuwa, rawayar waya tana zuwa batir kai tsaye don riƙe agogo da tashoshi, ja tana bin makulli, baƙa kuma jikin mota. Mai gaggawa yakan murɗe ja da rawaya wuri ɗaya ya kai su batir. Rediyo zai yi waƙa lafiya lau, amma ko an zare makulli yana shan wuta, ran Lahadi da safe sai ga uwargida da yara sanye da kayan sujada suna turin mota. Kada kuma ka bar shi ya cire fis ya naɗa zaren waya a madadinsa. Fis ɗin nan, wanda galibi na amfiya 10 ne, shi ne yake ƙonewa domin kada wayoyin motar su kama wuta. Kowane haɗi a naɗe shi da tef mai kyau, ba da ledar burodi ba. Kafin ka biya shi ladansa, kashe motar, zare makulli, ka ga rediyon ya mutu. Sa'an nan ka tayar, ka ga ko tashoshin da ka ajiye suna nan.