Saƙon da Ya Ƙi Fita: Imel da Giɓin Keɓaɓɓun Kalmomi a Hausa

Idan akawu a wani ofishi a Lajawa ya buɗe manhajar imel da safe, ta ƙi haɗuwa da sabar ofis, abin da zai gani shi ne layi ɗaya na Ingilishi da wata lamba. Rahoton ƙarshen wata yana jiran a aika da shi Kano, shi kuwa ba shi da dabarar da ta wuce ya kashe kwamfuta ya sake kunnawa, ko ya hau mota zuwa Wudil neman mai gyara. Sau da yawa matsalar ba ta kai ta ci wuni ba. Abin da ke tsawaita ta shi ne na'urar tana faɗin ciwonta da Ingilishin fasaha, wanda ko mai jin turanci yakan tsaya a kansa.

Dalilan sanannu ne. Manhaja irin su Outlook da Thunderbird tana karɓo wasiƙu ta ƙa'idar IMAP ko POP3, tana kuma aikawa ta SMTP, wadda aka tsara tun 1982. Kowace tana da ƙofarta mai lamba: 993 ga IMAP, 995 ga POP3, 587 ga aikawa. Saboda haka idan wasiƙu suna shigowa amma ba sa fita, an san ɓangaren da za a duba. Wani lokaci sunan saba aka rubuta ba daidai ba, ko an sauya kalmar sirri manhaja tana riƙe da tsohuwa. Wani lokacin kuma ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ne ya mutu. Da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, manhaja ta ƙi amincewa da takardar shaidar tsaro ta saba. Gyaran wannan bai wuce daidaita agogo da sauya batiri ba.

Duk wannan bayani yana yiwuwa da Hausa, sai dai kalmomin ba su zauna ba. Na'urar da ke ajiye wasiƙu wasu suna kiran ta saba, wasu uwar garke. Kalmar Ingilishi ta ƙofar shiga saba ita ce kuma ke nufin mashigin jirage, shi ya sa ake cin karo da fassarar inji tana umartar mutum ya duba tashar jiragen ruwa. Mai bin irin wannan umarni ya fi wanda bai karanta komai ba ruɗewa.

Akwai masu ganin cewa wahala ce kawai, tunda masu gyara da Ingilishi suke aiki, aro kuma ya wadatar. Aro ba aibu ba ne. Da shi Hausa ta sami mota da rediyo. Amma aron kalma ba ya fassara jimlar gargaɗi, ba ya kuma koya wa akawu abin da zai fara dubawa da abin da zai biyo baya.

Manazarta Hausa sun taɓa yin irin wannan aiki. Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Abin da ya rage shi ne sassan Hausa su zauna da malaman kwamfuta, irin na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, su tattaro saƙonnin kuskure da aka fi gani, su tsayar da kalma ɗaya ga kowace ma'ana, su tsara matakan bincike bi da bi. Kafin a buga, ya kamata a gwada a ofisoshi irin na Lajawa, domin ma'aunin ingancin kalma a nan shi ne akawu ya karanta, ya gane, rahotonsa ya isa Kano a kan lokaci.