Hoto Shaida Ne: Kira Ga Ɗalibai Masu Zuwa Sharaɗa, Challawa da Bompai

'Yan'uwa ɗalibai, Hausawa sun ce gani ya kori ji. A zamanin da muke ciki kuwa, gani ya koma cikin aljihu, domin da wuya a sami ɗalibin jami'a wanda ba ya riƙe da wayar da ke ɗaukar hoto. Kowace shekara ɗalibai suna fita daga ajujuwansu su nufi unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗansu domin horon sanin makamar aiki wanda Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, ya ƙirƙiro tun 1973, waɗansu kuma domin tattara bayanan da za su rubuta kundin kammala digiri. Kusan kowa yakan komo da hotuna fal wayarsa. Amma in aka buɗe kundayen nan a ɗakin karatu, me ake tararwa? Hotuna dishi-dishi, ruwan kwata wanda ba a bambance shi da kwalta, ma'aikata kamar inuwoyi, injuna kuwa sai ka ce an shafe su da toka. Ra'ayinmu a nan shi ne, hoton da ɗalibi ya ɗauko daga waɗannan wurare shaida ce, kuma shaidar da ba ta fita sosai ba ta fāɗi tun kafin a saurare ta.

Dalilin da ya sa muka ɗauki wannan magana da nauyi yana kwance a cikin magudanan ruwan Kano. Ruwan da ke fitowa daga Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa cikin unguwannin uku, yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, har ya tuƙe a madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta, sa'an nan shi da na Challawa su taru a Kogin Challawa. A gefen waɗannan rafuka manoman rani suna shayar da latas da kabeji da alayyafo waɗanda ake kaiwa kasuwanninmu, makiyaya suna shayar da dabbobi, yara suna wanka. Masana'antun jima na zamani kuwa suna aiki da gishirin sinadarin kuromiyam, kuma malaman jami'o'inmu sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan gurɓatar waɗannan ruwaye. Saboda haka ɗalibin da ya tsaya a bakin Salanta da waya a hannu, ya sani yana tsaye ne a wurin da lafiyar dubban mutane take rataye.

Kada wani ya ce ɗalibi ba shi da ƙarfin da zai motsa hukuma. A 1988 ɗaliban Nijeriya da ke karatu a ƙasar Italiya ne suka sanar da jaridun gida labarin dubban gangunan dagwalo mai guba da aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta wancan lokaci. 'Yan jarida suka je suka gani, suka buga, gwamnati ta tashi tsaye har aka kwashe dagwalon, kuma a ƙarshen shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ce ke riƙe da aikin tilasta bin dokokin muhalli a yau. Waɗancan ɗalibai da wasiƙa da yankin jarida suka yi aiki. Mu kuwa kayan aikin da ke hannunmu ya fi nasu nesa ba kusa ba, in dai mun san yadda ake sarrafa shi.

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne ruɗin megafiksel. In mutum ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko ya bi titin Beirut, abin da mai shago zai fara tallata masa shi ne wannan tana da megafiksel 48, waccan 108. Megafiksel ɗaya yana nufin ɗigo miliyan ɗaya, kuma yawan ɗigo girman hoto kawai yake nunawa. Ingancinsa yana ga yawan hasken da kowane ɗigo ya samu. Farantin da ke karɓar haske a cikin yawancin wayoyi bai wuce faɗin farcen yatsa ba, in aka yanka shi gida miliyan 108, kowane gida zai zama ɗan mitsitsi ƙwarai. Shi ya sa wayoyin da kansu suke haɗa ɗigo 4 ko 9 su mai da su ɗaya, har hoton ya komo megafiksel 12. Kuma 12 ɗin nan ta isa har ta yi yawa, domin hoton da zai cika shafin kundi na takardar A4 tangaran bai buƙatar fiye da megafiksel 9. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ɗalibin da ya ci bashi ya sayi babbar waya bai san haske ba, wanda ke da ƙaramar Tecno ya san haske zai fi shi kyakkyawan hoto.

To, mene ne yake ɓata hotunan? Na ɗaya ƙura da maiƙo. Daga watan Nuwamba zuwa Maris hunturu yakan rufe Kano da hazo, hanyoyin Sharaɗa da Challawa kuma manyan motoci suna tā da ƙura dare da rana. Waya tana fita daga aljihu ta shiga hannun da ya yi gumi, idon kyamara ya dusashe, sai hoto ya fito kamar an ɗauke shi ta bayan labule, fitilu kuma su yi dogayen wutsiyoyi. Maganin wannan ƙyalle mai laushi ne kurum, a hure ƙurar tukuna sa'an nan a goge, domin ƙurar hunturu tana da yashi mai kankare gilashi. Shi kuwa hazon da ke cikin iska, ba abin da ke rage shi sai matsawa kusa da abin da ake ɗauka.

Na biyu duhun cikin masana'anta. A tsakar rana kyamara takan buɗe idonta kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. A cikin rumfar injuna mai ƙarancin haske kuwa dole ta bar shi a buɗe lokaci mai tsawo, kuma duk ɗan motsin hannu ko na inji sai ya zama shafe-shafe a hoto. In ta ƙara wa kanta ƙarfin jin haske, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. Filasha ba ta kai ko'ina, iyakarta 'yan takun ƙafa, ta haske ƙurar da ke gabanta ta bar injin cikin duhu. Abin yi shi ne a jingina gwiwar hannu da bango ko a ɗora wayar bisa wani abu tsayayye, a taɓa fuskar waya daidai kan abin da ake so ya fito, a riƙe numfashi, a ɗauka sau uku ko huɗu. Haka nan in aka ga ratsi-ratsi baƙaƙe sun gitta hoto, ba lalacewa wayar ta yi ba. Wutar lantarkin ƙasarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, dogayen ƙwayaye da waɗansu fitilu masu araha suna ƙyaftawa sau 100, kyamara kuwa layi-layi take karanta hoto. Matsawa kusa da taga ko ƙofa yakan kawar da wannan.

Na uku zuƙowa da yatsu biyu. Sau da yawa ɗalibi yakan tsaya kan gada ya ja bakin bututu daga nesa har ya cika fuskar waya. In wayar ba ta da ido na musamman domin nesa, abin da ta yi shi ne ta yanke tsakiyar hoton ta kumbura shi, ba wani sabon abu da ta gani. Gara a taka da ƙafa in babu haɗari, in kuwa akwai, a ɗauka yadda yake a yanke daga baya. Na huɗu ƙyallin rana bisa ruwa. Da tsakar rana ruwa yakan zama madubi, launin sama ya rufe launinsa na ainihi. Da hantsi ko da la'asar sakaliya, a ba rana baya, shi ne lokacin da ja ko shuɗi ko toka-tokan ruwan yake bayyana. Ya kamata kuma a sa farar takarda ko ma'auni a gefen hoto, domin mai dubawa ya san launi da girma na gaskiya.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu a matsayinmu na baƙar fata. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake rarraba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya domin daidaita launi, sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da fatu iri-iri. Wannan gado ya bi kyamara har cikin waya. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya sami kasuwar Afirka ne da dalilai da suka haɗa da gyara kyamararsa domin baƙar fata, Google kuma ya fito da nasa gyaran a 2021. Duk da haka, in ma'aikaci ya tsaya a ƙofar masana'anta rana tana bayansa, kyamara za ta auna hasken waje ta mai da fuskarsa baƙin gawayi. A juya shi ya fuskanci haske, ko a taɓa fuskarsa a jikin waya kafin a ɗauka.

Amma abin da ya fi damunmu duka shi ne kwalliyar da waya take yi wa hoto ba tare da an sa ta ba. Wayar yau takan ɗauki hotuna da dama a ƙiftawar ido ta haɗa su, ta ƙara launi, ta goge tabo, ta sassanta fata. A 2023 an yi ta muhawara a duniya a kan hotunan wata na waɗansu wayoyin Samsung, har kamfanin ya fito ya bayyana cewa manhajarsa tana gane wata, sa'an nan ta ƙara fito da zanensa. A hoton biki ko na salla wannan ba laifi. A hoton shaida kuwa illa ce babba. Tsarin da ke gyara fuska zai share ƙurajen da ke hannun majemi. Tsarin da ke ƙara launi zai mai da ruwan kwata ja wur fiye da yadda yake. Ɗalibin da ya ƙara wa hoto launi da gangan domin ya girgiza mutane, ya miƙa wa mai musu makami, domin ranar da aka gane ƙari ɗaya, duk sauran hotunan sun zama abin tuhuma. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A kashe duk waɗannan tsare-tsare kafin a shiga fagen aiki.

Sa'an nan ga ɓarnar da ake yi bayan an komo gida. Hoto yakan fita daga wayar mai shi ya bi WhatsApp zuwa wayar aboki, daga nan zuwa shagon buga takardu. WhatsApp yana matse hoto ya rage nauyinsa, yana kuma cire bayanan da ke ɓoye a jikinsa, watau rana da sa'a da irin wayar da wurin da aka ɗauka. Ko zaɓin HD da aka ƙara a 2023 bai hana matsewar gaba ɗaya ba. Waɗannan bayanai kuwa su ne ƙashin bayan shaida. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da na'ura ta samar a gaban kotu, amma da sharuɗɗa game da na'urar da yadda ta yi aiki. Don haka a ajiye hoton asali ba tare da an taɓa shi ba, a kunna alamar wuri kafin ɗauka, in za a aika kuma a aika shi a matsayin fayil.

Mun san akwai masu cewa hoto ba ya auna guba. Gaskiya ne, kuma muna tare da su. Ruwa garai-garai yana iya ɗauke da kuromiyam, jan ruwa kuma yana iya zama rini maras yawan cuta. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai zai yanke hukunci. Aikin hoto shi ne ya nuna inda aka ɗebi ruwan da lokacin da aka ɗebe shi, ya sa wanda bai je ba ya yarda an je. Akwai kuma masu cewa irin waɗannan hotuna za su ƙara durƙusar da masana'antun da tuni rashin wuta da kayan waje suka rufe da yawansu. Amsarmu ita ce, hoto na gaskiya yana kare mai gaskiya. Masana'antar da ke tace ruwanta ba ta da abin tsoro, hasali ma hoton da ya fita sosai shi ne zai raba ta da wadda ba ta yi. Amma lalle a nemi izini kafin a ɗauki hoto a cikin harabar kowa, kuma kada a nuna fuskar leburan da bai yarda ba, domin abincin iyalinsa yana iya salwanta a kan hoto guda.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta haɗa kai da Sashen Koyon Aikin Jarida ta shirya bita ta yini ɗaya kafin kowane zangon fita horo, a koya wa ɗalibai waɗannan abubuwa a aikace. Muna kira ga malamai masu duba kundaye da su riƙa neman hoton asali kamar yadda suke neman sakamakon gwaji. Muna kuma roƙon sassan kimiyya da nazarin ƙasa su buɗe taskar ajiye hotunan Getsi da Jakara da Salanta da Challawa, kowanne da ranarsa da wurinsa, domin wanda zai zo bayan shekara ashirin ya ga ko an gyara ko an ƙara lalacewa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da idanunmu suka gani, amin.